Haƙori Biyu a Motar Baba Tambaya

"Ki tambaye shi, Kulu! Ga shi nan tsaye. Ki tambaye shi mi ya koyo a shekara bakwai da ya yi garejin mutane."

Muryar Baba Tambaya direba ce ta ratso bangon da ya raba ɗakin da nake haya da zauren gidansa, a Tudun Wadar Gusau. Bangon ƙasa ne, kuma ba shi da kauri. Safiya ce mai sanyi, ƙarshen shekarar 1997.

"Yaya, ka rage murya, maƙwabta na ji," in ji Gwaggo Kulu, ƙanwarsa, wadda ta zo daga Bilbis ta yi musu kwana biyu.

"Su ji! Tasha ma duk ta ji. Kin san sunan da suka sa ma motata? Sai Hantsi. Ni da nika shiga Tsahe ba a gama share kasuwa ba, yanzu sai masu waina sun kihe tanda nika isa."

"Tsuhwa ce, Yaya. Mota ma tana tsuhwa."

"Tsuhwar gidanku!"

"Gidanmu ɗaya ai."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Motar gwamnati in ta ƙi tashi, wurin wanga aka kai ta, shi taɓa ta, ta tashi. Ta uban da ya haihe shi kaɗai ta gagare shi."

Wanda ake faɗan a kansa yana tsaye a zauren tun farko. Sai a ƙarshe na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, a ce mashi shi yi haƙuri. Zan sake dubawa."

Lawwali ke nan, mai gyaran wutar mota, wanda gari ya sani da Lawwali Rewaya. Shekararsa talatin da bakwai a lokacin, yana da mata da 'ya'ya huɗu, yana zaune gida ɗaya da mahaifinsa. Amma shi ɗan fari ne, kuma Baba Tambaya mutumin da ne. Bai taɓa ambaton sunan yaron da bakinsa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In yana da magana da shi, sai ya nemi wani na uku ya faɗa masa a gabansa. In babu na uku, ya faɗa wa gilashin mota ko wa bango. Kunyar ɗan fari ake kiranta, kuma a gidan nan an riƙe ta gam.

Ana yaye Lawwali aka miƙa shi ga Gwaggo Kulu a Bilbis, can ya tashi yana noman dawa da kiwon awaki. Uban yakan biyo ta garin ranar kasuwa, ya ajiye gishiri da sabulu a ƙofar gida, ya wuce bai tambayi yaro ba. Yaron kuwa yakan bi sawun tayar motar da gudu har bakin gari. Yana da shekara goma sha huɗu ya dawo Gusau, ba abin da yake so a duniya irin tuƙi. Yana da sha bakwai, wata rana uban na masallaci, ya ja motar ya nufi Damba, ya zura ta a wani rami har ƙafar gaba ta karkace. Ba a doke shi ba. Uban ya dubi motar, ya juya ga wani abokinsa ya ce, "Wanga hannunai ba na sitiyari ba ne." Mako na zagayowa aka kai shi koyon rewaya.

Ya iya tuƙi daga baya, don kowace motar da ya gyara sai ya zaga gari da ita ya gwada. Amma kujerar direba ta motar ubansa, shekara ashirin bai ɗora jikinsa a kai ba.

A aikinsa kuwa ba na biyu. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Gusau ta cika da motoci, kayan gyara na hannu suka yi ta shigowa daga waje, masu kama da juna kamar tagwaye. Sauran masu rewaya in mota ta ƙi tashi, batir suke fara zagi. Lawwali sai ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashinta da guntun alli a bayan kunne. Abin da ya shahara da shi shi ne kik, wato ɗan injin nan da ke juya babban inji idan an murɗa makulli. Ba ya ɗaura kik sai ya ƙirga haƙoransa da farcen babban yatsa, ya sa alli, ya sake ƙirgawa. Direbobi suna masa tsiya, suna cewa ko tuwo aka ba shi sai ya ƙirga loma.

Irin wannan mutum ne aka ce motar ubansa ta gagare shi. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, da ita Baba Tambaya yake ɗaukar hatsi da 'yan kasuwa zuwa Tsafe da Bilbis, wasu ranakun kuma ya nufi Bunguɗu ya kwaso matan Fulani da ƙwaryar nononsu. Tun da sanyi ya shigo, in ya murɗa makulli bayan sallar asuba, sai kik ɗin ya yi gurnani sau biyu ko uku, kamar wanda aka danne wa ƙirji, ya yi shiru. Turi kuwa ba a maganarsa. Baba Tambaya ya shafe shekara arba'in yana yi wa direbobin da ake tura wa mota dariya, yana cewa su sayi jaki su huta. Saboda haka sai ya riƙa kwanar da motar a inda rana ke fara dukan bango, ya buɗe bonet, ya zauna a benci ya naɗe hannu cikin babbar riga. Wajen ƙarfe tara, in ƙarfen ya ɗumama, taɓawa ɗaya ta tashi.

Sunan Lawwali ya fara zubewa. Wani mai manyan motoci da ya saba kawo masa aiki ya koma wani gareji, ya bar saƙo cewa a fara gyara ta gida tukuna. A wurin mai shayi, in Lawwali ya zo wucewa, sai wani ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Saura kaɗan ta tashi." Shi dai ya yi sallama ya wuce.

Cikin azumi, wata rana bayan la'asar, na je rumfarsa. Ba aiki a gabansa, yana goge wani kik da tsumma. Na ce ya nuna mini abin da yake ƙirgawa ɗin nan da har ya zama abin tsokana. In aka zo maganar aiki, Lawwali ba shi da nauyin baki. Ya jawo wani babban faifan ƙarfe mai haƙora kewaye da bakinsa.

"Wanga shi aka kira fulawil, shina bayan inji. In ya juya, inji ya juya. Haƙoransa ɗari da goma." Ya nuna mini wani ɗan ƙaramin giya a bakin kik. "Wanga kuma shi ka shiga cikin haƙoran nan shi tura. In haƙoransa tara ne, sai ya zagaya sau goma sha biyu da 'yan kai kahin inji shi zagaya sau guda. In sha ɗaya ne, sau goma ya ishe shi."

Na ce ashe mai sha ɗaya ya fi, tunda ya fi saurin gama aiki.

Ya yi murmushi. "Malam, ka taɓa sauke amalanken dawa? In ka kwashe ta a sawu goma sha biyu, kowane ɗauka da sauƙi. In ka ce sai a sawu goma, ka fi sauri, amma kowane ɗauka ya fi nauyi. In kana da ƙarfi, ba komai. To da asuba cikin sanyi, baƙin mai ya daskare kamar man shanu, batir ya kwana da ɗari, inji ya yi nauyi. Mai tara zai lallaɓa shi juya shi. Mai sha ɗaya zai ɗauka shi kasa miƙewa. Shi kuma injin gas, in bai juya da gudu ba, ba ya kamawa. Sai rana ta narkar da man, kaya su yi sauƙi."

Na dubi kik ɗin da yake gogewa. Ba ƙura a jikinsa, an shafe shi da mai, ga tsumma mai tsabta da ake naɗe shi a ciki. Ba kamar sauran tarkacen rumfar ba. Na sa farce na ƙirga yadda ya nuna mini. Tara.

"Wannan na wace mota ce?"

Ya miƙo hannu zai karɓa, na sake jefa masa wata tambayar.

"Wanda ke jikin motar Baba, haƙoransa nawa?"

Ya karɓe kik ɗin daga hannuna, ya naɗe, ya tura ƙarƙashin tebur. Sannan ya ce, "Sha ɗaya. Ni na ɗaura shi."

Ga yadda abin ya faru. A ƙarshen damina an kira shi aiki Bunguɗu, sai ya bi motar uban da asuba, ya zauna a gaba. Gari bai gama wayewa ba. Sun kusa shiga garin, garken shanu yana tsallaka titi, farare, fiye da talatin, ga makiyayi a gaba yana ɗaga sanda. Lawwali ya hango su tun daga nesa, yana jiran ya ji ƙafar uban ta sauka daga totur. Ba ta sauka ba. Sai da makiyayin ya ƙwalla ihu, matan da ke baya suka ɗauki salati, sannan Baba Tambaya ya take birki, motar ta tsaya hancinta na shafar gefen wata saniya. Da suka wuce, tsohon ya dubi gilashin gaba ya ce masa, "Raɓa ta ɓata ka." Ya sa hannun riga ya goge.

"Babu raɓa," in ji Lawwali. "Ni na goge gilashin nan kahin mu tashi."

Daga ranar ya fara lura. Da rana tsaka uban yana zura zare a allura. Amma da duku-duku ko da almuru, sai ya riƙa lalubar buta da ƙafa. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Mako biyu bayan haka kik ɗin motar ya buƙaci ɗan gyara, aka turo masa shi ta hannun wani. Ya gyara, ya ajiye, ya ɗaura wani mai kama da shi sak, wanda ya fi shi da haƙori biyu.

Na ce me ya hana shi ya faɗa masa gaskiya kawai.

"In ce mashi mi? Baba, ka makance? Ni? Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba?"

"Ka sa Gwaggo ta faɗa."

"In Gwaggo ta ji, Bilbis ta ji. In Bilbis ta ji, ba mai sake shiga motar nan. Tuƙi shi ne abin da ya rage mashi. Gara a ce ɗansa bai iya aiki ba."

Magana ce mai kyau, kuma na yarda da ita. Amma na sha ganin Lawwali da safe, idan zai fita, yana tsayawa a bakin ƙofa fiye da yadda ɗaure igiyar takalmi ke buƙata, yana kallon tsohon nan a kan benci, a takure, yana jiran rana. A fuskarsa akwai tausayi. Akwai kuma wani abu da ba tausayi ba. Mutumin da aka yanke wa hukunci da jimla guda yana ɗan shekara sha bakwai, yau shi ke yanke lokacin da mai hukuncin zai fita daga gida. Na faɗa masa haka, ban sassauta ba. Na zaci zai kore ni.

Ya ɗauki allinsa yana juyawa a yatsu. "Ran farko da na ji ta ƙi tashi, na ji sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, yau ba zai kashe kowa ba. Amma na ji wani daɗi kuma, wanda ban so na ji ba. Na yi istigfari. Washegari na sake jin shi." Ya ajiye allin. "Ban san wanne ya fi yawa ba, Malam. Wannan ba ya ƙirguwa."

Abin da ya fi damunsa wani ne daban. Dabarar tasa ta sanyi ce kawai. Da zarar bazara ta kawo kai, man ba zai ƙara daskarewa ba, mai sha ɗaya zai tayar da motar da asuba kamar kowane kik. Haƙori biyun nan wata uku ko huɗu suka saya masa don ya nemo bakin magana, ga shi har an yi rabin azumi bai samo ko kalmar farko ba.

Ba a ma kai ga bazarar ba. Bayan ƙaramar salla da kamar mako biyu, Baba Tambaya ya sauke kaya a Tsafe, ya wuce rumfar wani mai rewaya da ake kira Mas'udu, wanda suka yi koyo tare da Lawwali a hannun maigida ɗaya. Mas'udu ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce da ya kwance kik ɗin ya ƙirga, sai ya sake ƙirgawa, don bai yarda da yatsansa ba.

"Baba, wa ya ɗaura maka wanga?"

"Wani."

"Haƙoransa sun yi yawa da biyu. Shi ya sa ba ta tashi cikin sanyi."

Tsohon ya ce, "Kuskure ne?"

Mas'udu ya ce ya so ya ce i, ya rufa wa abokinsa asiri, amma ya rasa wane asirin zai rufa, na aiki ko na zuciya. Sai ya ce, "Baba, ni dai wanda na sani, ko cikin barci aka miƙa mashi kik sai ya ƙirga."

Baba Tambaya bai ƙara tambaya ba. Ya sa aka ɗaura masa mai tara, ya ce a zuba wanda aka cire a buhu. Da yamma ya tsaya a gaban rumfar ɗansa, bai kashe mota ba, bai sauko ba. Ya miƙo buhun ta taga ya sake shi a ƙasa, ya ja ya tafi. Lawwali bai buɗe buhun ba. Ya san nauyinsa.

Washegari, ana fitowa daga sallar asuba, na ji ƙarar da aka yi wata uku ba a ji ba a unguwar a wannan lokaci. Taɓawa ɗaya, injin ya kama. Na fito. Gari bai waye ba, sai ɗan fari-fari a gabas. Fitilun motar a kunne, mata biyu da buhunansu sun riga sun hau baya. Baba Tambaya yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari. Ba abin da ya tare masa hanya, amma bai sa giya ba. Injin yana ta aiki, shi kuwa yana kallon gaba.

Lawwali ya fito daga zaure ba takalmi, ya tsaya a ƙofar gida. Gwaggo Kulu ta koma Bilbis tuntuni. Babu na uku da za a bi ta kansa, don ni na maƙale a jikin bangona, kuma ba wanda ya dube ni.

Tsohon ne ya fara, yana magana da gilashi. "Wasu sun iya ƙirga haƙoran ƙarhe su ɗaure mutum a gida kamar akuya. Nasu haƙoran kuwa ba su iya buɗe su su yi magana ba."

Lawwali ya bar ƙofar gida. Ya taka har gefen motar, ya durƙusa a wajen ƙofar direba kamar mai gaisuwa.

"Baba, ran da muka tahi Bunguɗu, babu raɓa a gilashin nan. Ni na goge shi da hannuna."

Matan da ke baya suka daina hira. Injin kaɗai ke magana. Baba Tambaya ya ɗaga hannu ɗaya daga sitiyari ya shafa idonsa, ya duba tafin hannun kamar zai ga abin da ya rufe su a ciki. Ban san abin da ya auna ba, ko shanun nan ne, ko matan da ke bayansa, ko wata ukun da ɗansa ya yi yana shan dariyar masu shayi bai ce uffan ba.

Sannan ya buɗe ƙofar, ya ja jiki a hankali a kan kujera, ya koma ɗaya gefen. Wannan karon bai dubi gilashi ba. Bai dubi ɗan nasa ba kuma, amma da shi yake.

"Kai. Iyakarka Tsahe. In rana ta hito ka sauka ka nemi motar komawa. Kuma ba a shiga da ita rami."

Lawwali ya miƙe. Ya riƙe ƙofar, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan matakin, yana kallon kujerar da har yanzu shaidar zaman ubansa ke kanta. Ya manta ma ba takalmi a ƙafarsa.

"To, Baba," ya ce. "Sai dai ka riƙa gaya mani inda ramukan suke. Kai ka san hanya."